Ramlat Bashar, Mai Kula da Ƙaguwar Duwatsu

Teku ne ke tsara wa Anti Ramlat Bashar aikinta. Ranar da ruwa zai janye da sassafe, kafin masu shagunan Abu Hail, unguwarmu a nan ƙasar Larabawa, su ɗaga ƙofofinsu ta riga ta sauko daga benenmu, da bokiti a hannu, da takalmin roba har gwiwa a ƙarƙashin abaya. Ranar da zai janye da tsakar rana kuwa, cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa za ta fita. Ƙofata na kallon tata, shi ya sa na san fitarta da dawowarta, da warin gishirin da ke biyo ta.

'Yar Yawuri ce. Ta karanta ilimin halittun ruwa, ta kama aiki a wani kamfani da ke duba gaɓar teku kafin a yi gini, yau shekara goma sha wani abu ke nan. Rabonta a aikin shi ne ƙaguwa, irin wadda ke zaune a kan duwatsun da igiyar ruwa ke duka. Mutanenmu sun sha yi mata dariya. A wajen wani suna na ji wata tana cewa, "Ke dai Ramlat, mutane na loda kwantena, ke kina bin ƙaguwa." Murmushi ta yi, ta ci gaba da zuba wa baƙi abinci.

Ni ma ban ɗauki abin a bakin komai ba, sai ranar da ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Yalla, Wasila, sa takalmi ki zo ki ga mutanena."

Da muka isa, duwatsu kawai na gani. Ta ce in zauna, kar in motsa. Can sai na ga kamar dutsen ne ke tafiya. Ga su nan birjik, masu faɗin jiki, kore-kore da zanen fari, suna kankare gansakuka da hannuwansu suna kaiwa baki, dama da hagu, kamar mai jin yunwa ya samu tuwo. Ta ɗauko wata ta ɗora mini a tafin hannu. Na ce, "Wayyo Anti, wannan ta mutu."

"Ba ta mutu ba, saɓa ta yi, irin ta maciji. Rigar ce ta yi mata kaɗan. Yanzu tana can cikin wata tsaga, jikinta laushi kamar dafaffen ƙwai. In babu tsagar, tsuntsu zai cinye ta, ko 'yar uwarta ma."

Ta nuna mini mace, da ƙwai cunkus a ƙarƙashin cikinta. Ta ce in sun ƙyanƙyashe uwar za ta sake su cikin ruwa, ƙanana har ido ba ya ganinsu sosai. Teku ya yi ta yawo da su makonni, kifaye suna ci. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne za su nemo dutse su hau. "In suka zo ba su tarar da wurin ɓuya ba, khalas, tasu ta ƙare."

Wannan gaɓar ce aka zo ginawa. Za a kwashe duwatsun a sa katangar siminti sumul. Aikin Anti Ramlat shi ne ta faɗi abin da ke zaune a wurin, kuma ta faɗa. Nan aikinta ya ƙare, amma ita ba ta tsaya ba. Ta yi ta sintiri daga ofis zuwa ofis tana roƙon a bar mata ɗan gefe na katangar, har aka gaji da ganinta aka ba ta.

Dikko, wani Bakatsine da ke buga bulo a unguwar masana'antu ta Al Quoz, shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce ta same su cikin ƙura da ƙarar inji, ta ce tana son bulo mai ramuka da tsagogi. "Na ce mata, Hajiya, mu nan in bulo ya fito da rami, korar mutum ake yi. Ta yi dariya, ta naɗe hannun riga, ta tsoma yatsa cikin ɗanyen siminti tana nuna mini zurfin. Wallahi sai da fatar hannunta ta ɗaye."

Aka jera bulon a gefen da aka ba ta. Shekarar farko babu komai. Ta biyu gansakuka ta kama. Wata rana da la'asar ta faɗo ɗakina ko sallama babu, ta miƙo mini waya da hoto a kai. Wasu 'yan ƙaguwa ne, ba su fi farce ba, suna leƙowa daga ramukan. Mace mai jikoki, tana kuka tana dariya a tsakar ɗakina.

Daga baya aka buɗe otal a bayan katangar. Baƙi suka yi ƙorafi cewa gefen can ya yi kore, ga wasu abubuwa na yawo a kai. Ina tare da ita safiyar da muka tarar da ma'aikata da mesar ruwa mai ƙarfi da magani mai warin bilic. Sun riga sun gama wanki, wani na bi yana toshe ramukan da siminti. Ƙaguwa kwance a gindin katanga, ciki sama. Ta durƙusa ta ɗauki wata mai ƙwai. Mai mesar ya kashe injinsa, ya ce, "Madam, aiki aka ba ni."

Ta ce, "Na sani."

Ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Muka hau bas har muka kusa gida. Sannan ta ce, "Ni na kira su, Wasila. Da na bar katangar sumul, da sun wuce wani wurin."



Bana kamfanin ya rufe sashenta. Bizarta a kan aikin take, ga gwiwa da santsin duwatsu ya lalata. Ƙarshen watan nan za ta koma gida. Babu walima, babu lambar yabo. A wurin da ta yi aikin nan duka, yau fenti fari ne tas, mutane na jingina suna ɗaukar hoto.

Anti Ramlat, ke ce kika tsaya wa halittar da ba ta san sunanki ba, ba ta da bakin yi miki godiya. Ke ce kika sha rana da dariyar mutanenki, ba ki taɓa ramawa ba. Ramlatu ta bakin kogin Kwara, mai tausayin ƙanana. Ba zan yi miki ƙarya in ce kin yi nasara ba, don da idona na ga yadda ta ƙare. Amma ba ke kika kashe su ba, kuma Allah ya ga yatsun nan da siminti ya ci. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma yaranmu da ke karatu a garin nan, da ku injiniyoyinmu da ake ba zanen gine-gine, ga gurbi nan ta bari. In aka kawo muku takardar wata gaɓa, ku je ku zauna a kan dutsen tukuna, ku yi shiru, ku ga masu gidan. Wataƙila ku ma a wanke naku aikin da mesa. Duk da haka ku roƙa, don in ta hau jirgi, ban san wani da ya rage mai roƙon ba.