Kunnen Kawu Manu da Tiyon Turbo

"Sake takawa in ji," in ji Kawu Manu, ƙanin mahaifiyata, ya kara kunnensa kusa da injin.

Muna gefen hanyar Suki, tumatirin gida huɗu na jibge a bayan motata, rana kuma ta fara zafi. Kwana uku ke nan in na taka totur sai ta yi jim, ta feso baƙin hayaƙi, sannan ta ja da kyar. Makanikai biyu sun duba, a banza.

Kawu bai taɓa tuƙa mota ba. Injin ban-ruwa yake tsaro tun ina yaro.

Na taka.

"Ya zol," in ji Kawu, wato kai mutumina, "ba ka jin tana fito? Ba mai taka nema ba, iska na ka tsere mata."

Ya kaɗa ruwan sabulu, ya shafa wa tiyon turbo, wanda ke kai wa injin iska. Ina sake takawa sai ga kumfa ta wata 'yar tsaga da ko farce ba zai shiga ba. Muka naɗe wurin da roba, mota ta ja sarai, muka iske kasuwar Sinnar tana ci.

Har yau ina mamakin yadda mutum ke koyon sauraro haka. Ku fa, wa ya taɓa gano muku abin da ya gagari masu sana'ar?