Layi Ɗaya da Dalilinsa

Mu biyu muka gina manhajar da wasu 'yan kasuwar Garwa ke bin sawun motocin albasarsu da ita, ni da abokina na makaranta. Ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama.

A sana'armu, duk gyaran da ka yi wa manhaja sai ka adana shi da ɗan bayani. Komit muke ce masa. Ni kuwa jikan fatake ne, a gidanmu ba a shiga magana sai an gaisa har an tambayi lafiyar awaki. Haka nake rubuta nawa: sallama, zafin gari, sannan gyaran can a ƙarshe.

"Mon frère, ɗan'uwana, wannan komit ne ko huɗubar Juma'a?" in ji abokin nawa. "Layi ɗaya ya isa. Me ka canza, don me? Gaisuwar ka yi mini da baki, ga ni nan."

Na ji haushi, amma na koya. Kuma kafin aikina ya shiga manhajar, dole sai ya duba ya amince. Ya sha dawo mini da shi saboda kalma ɗaya, mu yi ta musu har shayi ya huce.

Da ya samu aiki a Duwala, ya ce ba zai saki namu ba. Da farko yana kira, daga baya wayar ta yi wuya. Abin da ya rage tsakaninmu shi ne layukan nan. Kowace safiya nakan buɗe kwamfuta in ga nasa: "Gyara lokacin isowar mota, yana nuna na jiya." Sai in karanta da muryarsa. Ba na jin kunyar faɗa, wani lokaci da gangan nake tsawaita nawa don ya dawo mini da shi da faɗa. Kewarsa nake yi, ban kuma san wata hanyar ba.

Amincewarsa ta fara jinkiri, 'yan kasuwa suka fara ƙorafi. Wata ranar damina na tarar da komit ɗinsa: "Cire sharaɗin amincewata, don kada aiki ya riƙa jirana."

Na nemi abin gyarawa a layin, ban samu ba.

Da hantsi na gama wani ɗan gyara, na tura. Nan take ya shige, babu wanda ya tsayar da ni.