Koriyar Langar Maigidana

Shekara tara ina zuba wa maigidana tuwo a wata koriyar langa, ya ɗaure ta a bayan keke, daga Panshekara zuwa masaƙar da yake aiki a Chalawa. Kullum ya dawo sai na tsince burbushin auduga a murfinta kafin in wanke.

Wata Talata langar ta dawo fes, ba ko zare. Washegari ma haka. Nan na gane an sallame shi. Bai faɗa ba, ni kuma, wai kara, na ja bakina na yi shiru. Ina zuba tuwo, yana fita. Wata biyar muna haka, Allah ya karɓi abinsa.

Langar tana nan. Har yau ban san inda yake zama ya ci tuwon nan shi kaɗai ba.