Rigar Baba Ta Miƙe, Jirgina Bai Kai Ba

Tun gari bai waye ba muka bar Kaduna, ni da wani abokin aikina, bayan mota cike da kayan ɗaukar hoto. Ƙauyenmu muka nufa, can gaba da Manchok. Wan mahaifina, wanda duk muke kira Baba, idonsa ya fara tafiya, likita kuma ya ce ba mai dawowa ba ne. A kan dutsen da ke bayan ƙauyen aka haife shi kafin mutane su sauko ƙasa, can kufan gidansu yake, da kabarin mahaifinsa. Gwiwa ta daɗe da hana shi hawa. Da ya ji ina sana'a da diron, ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto, sai ya aiko in zo in nuna masa gida tun yana iya gani.

Ƙauyen ba wutar lantarki, don haka na zauna na yi lissafin janareta. Cajar batirana tana jan wat kusan ɗari huɗu, na ƙara rubu'i a kai don tsaro. Na sayi ɗan ƙaramin injin nan da aka rubuta wa wat ɗari tara da hamsin a jiki, ina sane da cewa rubutun cika baki ne, abin da yake bayarwa bai kai ɗari bakwai ba. Ya ishe ni har da rara, ga shi ana ɗauka da hannu ɗaya. Har Kujama ina yi wa abokina lacca a kan wannan dabara, shi kuwa yana ta cin masara gasassa yana gyaɗa kai.

Hanyar Kachia ta sha damina, wani ramin sai ka yi masa sallama kafin ka shiga. Gonakin citta sun yi kore shar dama da hagu. A Kafanchan muka sha gwaten acca mai zafi, mai abincin tana ba mu haƙurin tsada tun ba mu tambaya ba. Daga nan son burgewa ya ja ni Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Ruwan yana zubowa da ƙarfinsa, na tashi jirgi, na sake tashi, sai da na kusa ƙarar da batiran duka. Ban damu ba, ai ina da janareta.

A Manchok muka ajiye mota muka hau babur, injin a cinyata. Muna isa na tayar da shi a gindin mangwaro, na jona caja. Nan da nan maƙwabta suka fara zuwa da wayoyinsu, ana gaisuwa ana miƙo su. Wannan na san za a yi, waya kuma ba ta cin komai, na bar su. Na shiga zaure gaida dattawa.

Ina tsakiyar gaisuwa na ji injin ya yi wani nishi kamar an shaƙe shi, ya zabura, ya sake nishi, ya mutu. Na fito da gudu na tarar da warin ƙonewa yana tashi daga cajar. Gefe guda ga Mama, matar Baba, durƙushe a tabarma ta jona wa injin dutsen guga na lantarki, wanda 'yarta ta kawo mata daga birni bai taɓa ganin wuta ba. Shi kaɗai ya haura wat dubu. Farar rigar Baba ta zuwa sujada a coci take gogewa, ta ce na gawayi yana bar mata tabo. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai Baba ya yi magana daga kujerarsa.

"Ni na sa ta, ɗana. Zan je gidan babana da riga a yamutse?"

Na fasa faɗan. Ni aiki na zo yi da na'ura, shi kuwa ziyara yake shiri.

Na yi tunanin hawa da ƙafa in ɗauko hoto da waya, aka ce ciyawa ta rufe hanyar, dutsen kuma santsi, sai rani. Batir ɗaya ne ke da ɗan saura. Baba ya sa rigarsa da hula, ya riƙe allon da ke nuna abin da jirgin ke gani daf da hancinsa, na tashi jirgi. Ya gane maɓuɓɓugar da suke ɗiban ruwa suna yara, ya kira sunanta da yarenmu yana dariya. Ya ce in bi ta hagu, akwai wata tsamiya. Kafin mu kai tsamiyar jirgin ya fara kuka, ya juyo gida da kansa, haka yake yi in batir ya ƙare.

"Me ya sa ya juya? Gidan yana gaba kaɗan."

Na yi masa bayani, ya ce ba komai, Ubangiji ya kai mu rani. Rigar dai bai cire ta ba har yamma.

Washegari muka dawo Kaduna, ba wanda ya yi wa wani lacca a hanya. Lissafina daidai ne, amma na caja kaɗai na yi. Janaretar da za ta shiga gidan da ba wuta, da mutanen gidan ake auna ta, in kuwa ƙarama ka ɗauka to ka zauna a gindinta. Abin da ya fi cin raina shi ne Matsirga, da na bar ko batir ɗaya cike da Baba ya ga gida.

Na sayi babban inji, sabuwar caja ma ta iso. Jiya na kira Mama in gaya mata ina nan tafe. Ta ce in zo dai, zai ji daɗi, amma yanzu da murya yake gane mutane.