Ranar da Na Kai Gishirin Gonarmu Tashar Jirgi

Samaru

Tun zakara bai yi cara ba na ɗaure akwatin a ƙirji na hau keke. A ciki akwai 'yan kwalabe sirara kamar tsinke, ɗauke da ƙwayoyin farin gishirin da ke fitowa a gonakin ƙauyenmu yana kashe dawa. Baturen da nake wa aiki a ɗakin gwajin ƙasa ya ce a Ingila za a haska su da hasken nan na ɗaukar hoton ƙashi. In ya bugi ƙwaya sai ya watse, ya bar zane a fim, daga nan a san irin gishirin da maganinsa. Amma in danshi ya taɓa su sun narke, sai wani ranin. Ga shi damina ta yi tsakiya.

Palladan

Nan ruwa ya goce, sarƙar keke ta tsinke. Na bar shi a wani zaure, na tare motar itace. Direba ya ga yadda na dunƙule a kan akwatin.

"Malam, ƙwai ka ɗauko?"

"Da ƙwai ne da na huta."

Dogarawa

Ɗan sanda ya tsai da mu, ya ce in buɗe. Na rungume akwatin.

"Ranka ya daɗe, in ruwa ya taɓa shi, dawar ƙauye guda ce."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya tuɓe rigar ruwansa ya lulluɓe mu, ya leƙa. "Gishirin nan, gonakinmu a gida ma haka yake yi musu. Ku wuce."

Sabon Gari

Jirgin ƙasa na kuka muka isa tasha. Na kutsa tsakanin masu tallar ƙosai har na sami wata malamar asibiti da Baturen ya ce za ta tafi da saƙon Ingila. Muka buɗe akwatin a cikin tarago. Kwalba ɗaya ta tsage, ta zama ruwa. Sauran garau.

Gida

Da la'asar na isa, ina tura keke. Baba na bakin rumbu, ya ce, "Bulus, me suka ce?"

"Sai bayan girbi, Baba."

Ya dubi gonar. "To, mu ci na bana a hankali."

Na gode wa Allah, na gode wa ɗan sandan da ban ko tambayi sunansa ba.