Shekarar da Khoat Bai Yi Bikin Wata da 'Ya'yansa Ba

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Khoat, gajeriya kuwa, don haka ko ban so ba ina jin abin da ake ciki a gidansa. Na san shi tun yana aiki a wurin gasa jan bulo a bakin kogi, ƙaton mutum wanda ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Wata rana tarin bulo ya rushe masa a baya. Ya tashi bayan wata huɗu, amma shi da ɗaukar nauyi sun rabu. Sai matarsa Tham ta tafi Taiwan jinyar wata tsohuwa, kamar yadda rabin matan layinmu suka yi. Ta bar masa 'ya'ya mata biyu: Mit mai shekara uku, da Bong wadda aka yaye saura kwana shida jirgi ya tashi.

A shekarar farko kusan kullum sai ya leƙo ta katanga.

"Yaya Nhai, kashin yarinyar nan kore ne. Haka ake yi?"

"Me ka ba ta?"

"Alayyaho."

"To me kake so ta fitar, ja?"

A haka ya koya. Ya buɗe gyaran babur a ƙofar gida don kada ya yi nisa da su. Mazan da ke zama wurin mai shayi suka sa shi gaba. Idan ya wuce ɗauke da Bong, sai Duong mai ƙaton tumbi ya ce, "A matsa wa uwargida kujera. Khoat, yaushe nonon zai kawo?"

"Ranar da ka sauke naka cikin," in ji Khoat, ya wuce abinsa.

Kaka ita ce lokacinsa. Da zarar zafi ya karye, iska ta fara sanyi da safe, sai gidan ya cika da sha'ani. Ya tsinko kanya ya jiƙa a bokiti kwana uku don baurin ya fita, yaran suna zuwa suna latsawa suna tambaya ko ta yi. Ya sayo ɗanyar shinkafar nan da ake soyawa a daka, a naɗe cikin ganyen bado, su zauna a bakin ƙofa suna dangwala ayaba a ciki. Tun saura wata guda bikin tsakiyar wata na takwas, duk babban lemon da aka sha a gidan sai a tara 'ya'yansa. Yaran su ɓare, shi ya soke su a siririyar wayar ƙarfe, a rataye a rana. Idan sun bushe aka kunna musu wuta, ci suke yi suna tartsatsi da ƙamshi. Fitilar tauraro kuwa da kansa yake fere gora ya haɗa, ya manna jar takarda. Ta shekarar farko ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, har yaran layi suka ce kaguwa ce. Zuwa shekara ta uku, iyayen wasu ne ke kawo masa nasu ya gyara.

Tham tana kira kullum bayan cin abincin yamma. Ya jingina wayar da kwalbar romon kifi, ita kuma tana magana ƙasa-ƙasa daga kicin ɗin tsohuwar. Bong ta sumbaci gilashin ta ce, "Mama, sai gobe."

Tsohuwar ta rasu bayan shekara huɗu, Tham ta dawo saura kwana goma biki. Na fito na tarye ta. Ta rame, ta yi fari, ga manyan akwatuna biyu. Mit ta je ta tsaya an rungume ta, hannayenta a sake. Bong kuwa ta shige bayan ƙafar ubanta.

"Ga Mama, je ki mana," in ji Khoat.

Yarinyar ta leƙa, ta zura hannu a aljihunsa ta ciro wayar. "Mama tana nan ciki. Wannan baƙuwa ce."

Muka yi dariya dukkanmu, har da Tham. Amma na ga yadda ta riƙe hannun akwatin.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ta dafa miya, Mit ta ce Baba ba ya sa citta. Ta zo kitsa wa Bong gashi, yarinyar ta ƙanƙame kanta tana ihu. Ta kawo musu fitilun roba masu batir da ke waƙa, suka yi wasa da su rabin yini suka yar a ƙarƙashin gado. Shi kuma Khoat kullum yana bayanta: "Maman Mit, ba wannan kofin ba ne nata." "Ba ta cin kan kifi." "Bari in yi, ya fi sauri." A tausashe yake faɗa, amma sau ashirin a rana.

Saura kwana huɗu biki, Tham ta tashi da sassafe ta share gidan ciki da waje. Ta ga wasu busassun 'ya'yan lemo sun yi baƙi-baƙi a waya, ƙudaje na binsu, ta kwashe ta zuba a kwandon shara, mai keken shara kuma ya wuce da su. Jeri goma sha biyu ne, aikin wata guda. Ta san al'adar sarai, ita ma ta yi tana yarinya. Hankalinta ne kawai bai kai ba.

Ina tsinkar ganye a bakin katanga na ji muryar Mit, ba kuka a ciki ko kaɗan.

"Ki koma can. Da ba kya nan ba abin da ya ɓace mana."

Na jira in ji Khoat ya tsawata mata. Shiru. Sai ƙarar sifana da ya ci gaba da juyawa. Tham ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Da la'asar ya shigo gidana, wai aron zare. Ya zauna a kan turmi ya daɗe bai tambayi zaren ba.

"Yaya, na yi abin kunya yau."

"Na ji. Kunnena ƙalau."

"Ba shirun nake nufi ba. Lokacin da yarinyar ta faɗa, daɗi na ji. Har cikin raina." Ya dubi hannayensa. "Matar nan shekara huɗu tana kwashe kashin uwar wasu don mu ci. Ta dawo, ni kuma ina tsaron yara kamar za ta sace su. In ta karɓe su, ni mene ne? Bulo ba na iyawa."

Na ce masa ya je ya ba ta haƙuri. Ya ce zai yi, amma haƙuri ba zai sa Bong ta daina neman ƙafarsa ba muddin ƙafar tana gidan.

Washegari ya ɗaure jaka a babur. Rediyo ta ce guguwa na tafe, wansa kuma yana can ƙetaren kogi yana gaggawar girbe shinkafa. Ya ce zai je ya kula da injin sussuka, kwana biyar.

"Da wannan bayan naka?" in ji Tham. "Baban Mit, gudu kake yi ka bar ni da su."

"Eh, barin ki nake yi da su."

"Ba sa so na."

"Ni ma Bong ba ta so na ba da farko. Wata biyu tana tofar da madara a fuskata." Ya nuna mata inda goran yake da takarda da gam, ya tayar da babur. Bong ta bi shi da gudu har bakin titi, ni na kamo ta.

Ba zan ce abin ya yi kyau ba. Bong ta yi kuka yini guda, ta ƙi cin komai sai a hannuna, ni kuma na daina buɗe ƙofa don kada in ɓata abin da uban ya tafi dominsa. Tham ta yanke yatsa wurin fere gora. Karen wasan da ake yi wa yara a bikin da tsokar babban lemo, a soke a jikin gwanda da tsinke, nata ya fito kamar jiƙaƙƙen ɓera. Mit ta dube shi ta ce, "Ba haka ba ne," amma ta zauna ta nuna mata yadda ake buɗe tsokar ta yi gashi-gashi. Ranar biki ruwa ya sauko tun rana ba ta faɗi ba. Masu rawa da shigar zaki suka fake a rumfar mai shayi da gangarsu, wata bai fito ba, fitilun takarda suka jiƙe suka zuba ja a hannun yara. Tham ta komo gida da gudu, Bong a kafaɗarta, Mit riƙe da gefen rigarta.

Khoat ya dawo bayan kwana biyu, a karkace saboda ciwon baya. Ya tarar Bong na zazzaɓi, tana barci a ƙirjin uwarta, ta damƙe wuyan rigarta. Ya miƙa hannu zai karɓe ta, sai ya fasa, ya je ya ɗora ruwan zafi.

"Ta kira ki?" ya tambaya daga kicin.

"Ta ce mini Maman Mit. Kamar yadda take jin kana faɗa."

"To, an fara."

Wata uku ke nan yanzu. Tsakaninsu bai gama daidaita ba. Akwai ranakun da ba na jin maganar manya a gidan sai ta yara. Gyaran babur ba ya riƙe mutum huɗu, kuma wata mai haɗa aiki ta zo sau biyu tana cewa akwai wani tsoho a Taiwan da ke buƙatar mai jinya bayan sabuwar shekara. Tham ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Khoat ya je masana'antar ɗinki da ke cikin gari ya tambayo mata ko suna ɗaukar mata, bai gaya mata ba tukuna, don yana tsoron ta ce yana yanke mata hukunci. Jiya ya ce mini gobe zai faɗa mata, idan sun kai yaran makaranta.