Sarauniyar da Anti Falmata ta ƙulle a mayafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina wanke kofunan shayi Dada, mahaifiyata, ta leƙo ta ce in ajiye in zo. Ta ce Anti Falmata ta rasu da asuba. Na ce wace Anti Falmata, alhali guda ɗaya na sani.

Kun san ba na rubutu a nan, sai dai in karanta na mutane in wuce. Yau ku yi haƙuri da ni.

Anti Falmata malamar lissafi ce a makarantarmu, ita ce kuma mai kulob ɗin chess, wasan nan na allo mai sarki da sarauniya da dawakai da sojoji. Haɗuwarmu ba ta daɗi ba ce. Kama ni ta yi da littafin soyayya a tsakiyar littafin lissafi. Ba ta dake ni ba. Ta tambaye ni inda na kai, na ce wurin da saurayin zai yi tafiya bai gaya wa budurwar ba. Duk aji aka fashe da dariya, na ji kamar in shige ƙarƙashin benci.

Ta ce in zo kulob ranar Alhamis, in na koyi tafiyar doki za ta mayar mini da littafina.

Littafina na je karɓa. Yau shekara biyu ke nan ban daina zuwa ba.

Tun ranar farko sarauniya ce ta tafi da ni. Tana zuwa ko'ina, kowa na tsoronta. Da an fara wasa nake fito da ita in ruga wajen sarkin abokiyar wasana, sauran 'ya'yana suna zaune a gida ko motsi ba su yi ba. Kafin minti goma an cinye ni. Anti ta ce ina wasa kamar mai buɗe shafin ƙarshe kafin ta karanta tsakiya. Ban san yadda ta gane ba, don wallahi haka nake karatu.

Rannan ta ba ni wani ƙaramin allo in tafi da shi gida. Kafin ta miƙo mini ta zare farar sarauniya, ta ƙulle ta a haɓar mayafinta yadda tsofaffi ke ƙulle goro.

"Wannan tana wurina sai kin san darajar sauran."

Daga nan duk wasan da za mu yi ni da ita babu sarauniya. Tata a gefen allo take ajiyewa, tawa kuwa tana cikin ƙulli. In ta canza mayafi, ta canza mata wuri.

Aikin gida kullum bayan la'asar, rabin awa, ba ƙari ba ragi. Takan zana mini allo uku a littafin rubutu, in nemi abin da zan matsar, in rubuta dalili a ƙasa. Dalilin take yi wa maki da jan biro. Na taɓa rubuta "haka kawai na ji a raina", ta ja layi biyu ta rubuta a ƙasa: ranki ba ya cikin 'ya'yan allo.

Ko ranar Sallah ba ta ɗage mini ba. Da lalle a hannuna na yi.

Takan sa in zauna a kan hannuwana don kar in yi saurin taɓawa. In na rasa abin yi, tambaya ɗaya ce: "Wanne a cikin yaranki ya fi takura? Shi za ki fara gyara wa wuri." Dokin da ya maƙale a gefe, a kawo shi tsakiya. Ƙaramin soja ba ya komawa baya, saboda haka a yi tunani kafin a tura shi. Da farko haushi nake ji, gani nake babu abin da ke faruwa a irin wannan wasa.

Sai ranar da na zauna da Rahila, wadda ta fi kowa a kulob. Ban kai mata hari ko ɗaya ba. Gyara wa yarana wuri kawai nake yi ɗaya bayan ɗaya, har ta duba allo ta rasa inda za ta sa hannu. Anti tana tsaye a bayana ta ce, "Yau dai Malama Shiru ta yi magana." Sunan da take kirana ke nan. Ta saya mini awara a bakin get.

Watan da ya wuce ta sa sunana a gasar makarantu da za a yi a Yola ranar Asabar mai zuwa. Ita da kanta ta zo gidanmu a Sabon Layi ta roƙi Baffa, mahaifina, ya yarda. Ni ce na ƙi. Ba zan iya wasa mutane tsaye a kaina suna kallo ba, hannuna rawa yake yi.

Ranar Alhamis da ta wuce na je duba ta a gida a unguwar Kolere, don ta kwana biyu ba ta zo makaranta ba. An yi ruwa, mai keke ya ƙi shiga, na ƙarasa a ƙasa takalmina a hannu. Na same ta kwance a tabarma, ta rame, amma ta ce in ɗauko allo.

Mun fi awa ɗaya. Na cinye ta, karo na farko. Na ce ko bar mini ta yi, ta harare ni ta ce ita ba ta kyauta a kan allo.

Na ce to a ba ni sarauniyata. Ta shafa ƙullin ta yi murmushi.

"A tasha zan ba ki, kina cikin motar Yola."

Na ce ai ba zan je ba. Ta ce to sarauniyar za ta ci gaba da zama a wurinta, dama sun saba. Na yi dariya na yi mata sallama.

Ban ce mata zan je ba. Wannan ne yake ta cina tun safe.

Da muka je gaisuwa ɗazu, yayarta Ya Hajja tana ta tambaya wace ce Malama Shiru. Na ɗaga hannu kamar a aji. Ta kamo hannun ta sa mini abu a ciki, ta ce shekaranjiya Anti ta sa aka kwance ƙullin, ta bar saƙo: a ba yarinyar, ko ta je ko ba ta je ba, ta riga ta ci abarta.

Sarauniyar tana hannuna yanzu. Ƙamshin turarenta bai fita ba.

Rahila ta turo mini saƙo wai gobe malamin da zai raka su yake son amsa, ko a cire sunana. Na ce kar a cire. Na san hannuna zai yi rawa. Zan zauna a kansa.

Allah Ya jiƙan Anti Falmata, Ya yafe mata, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya ba Ya Hajja da sauran dangi haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya sa ta a addu'a. In da saura, ranar Asabar ku tuna da ni.